Shanyar Citta a Filin Ƙwallonmu

Ni Munachi ba na son a ce min in yi haƙuri. A Kafanchan aka haife ni, a kwatas ɗin 'yan reluwe inda kakana ya yi aiki har ƙarfinsa ya ƙare, kuma tun ina ƙarama na lura duk wanda ya ce min in yi haƙuri, to wani abu nawa yake shirin dannewa. Shekarar da aka naɗa ni kyaftin ɗin 'yan mata masu ƙwallon kwando a jami'armu, na ji kalmar nan har ta fita daga raina.

Jami'ar tamu ƙarama ce, mai zaman kanta, tana kan hanyar da ta tashi daga Kafanchan ta nufi Kagoma. In ka ga hotunan da suke tallata ta da su sai ka rantse a Abuja take. Wai akwai ɗakin motsa jiki. Akwai shi kam, na sha leƙa shi ta taga: injinan gudu da ƙarafan ɗagawa suna nan cikin ledojinsu, ƙofa a garƙame, wai ana jiran babban baƙo ya zo ya buɗe. Tun ina aji ɗaya ake jiran baƙon nan. Filin ƙwallon ƙafa kuwa, rumfunan bikin yaye ɗalibai aka kafa a kansa, aka tafi aka bar ramukan. Wurin ninkaya ma an haƙa, kwaɗi ne suka fara morar sa. Abu ɗaya tak da yake aiki shi ne filinmu, daɓen siminti mai laushi da fararen layuka da zobe biyu, kuma mu muke share shi da hannunmu.

A cikinmu akwai Lai'atu. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, 'yar wani ƙauye ce kusa da Fadan Kagoma, kuma ajin ƙarshe take. Ni kyaftin ce saboda bakina, ita kuwa ƙwallon ce a hannunta. In ta ɗaga hannu ta saki, ba sai ka bi ta da kallo ba, ƙarar ragar za ka ji. Ni na ɗauki bidiyonta a waya na yi ta turawa har ya isa hannun Koci Yasmin, mai horar da wata ƙungiyar mata a Kaduna. Matar ta kira ni da kanta. Ta ce 'yar wasa ɗaya take nema, za ta biyo ta wajenmu ranar Alhamis da safe a kan hanyarta ta dawowa daga Jos, in ta ga abin da ta gani a bidiyo za ta ɗauke ta, in ba ta gani ba akwai wata yarinya a Zariya tana jira.

Da na gaya wa Lai'atu, zama ta yi a bakin gado ta ce, “Muna, in wannan ya wuce ni, na gama da ƙwallo. Daga makaranta sai gida.”

Na ce ba abin da zai wuce ta muddin ina numfashi. Ban san abin da ke jiranmu ba.

Ranar Litinin muka fito atisaye da sassafe. Tun kafin mu sha kwanar ɗakin karatu ƙamshi ya tare mu, mai yajin nan da ke sa atishawa. Muna isa na tsaya cak. Citta! Filinmu gaba ɗaya, daga wannan zobe zuwa wancan, an shanya tsagaggiyar citta, farin cikinta yana kallon sama, ko wurin sa ƙafa babu. Kuma ba barkatai aka zuba ba. Kowace shanya ta tsaya daidai kan farin layi. Da'irar tsakiya ta mutum ɗaya ce, akwatin da ke ƙarƙashin zobe na wata ne, kusurwa ta wata. Layukan da muka roƙi fenti muka ja da hannunmu, su suka zama iyakar gonaki. A gindin bishiyar kashu kuma wasu mata ne zaune da buhunansu da wuƙaƙensu, suna tsagawa suna hira, ko kallo ba mu ishe su ba.

Na ce, “Chineke, ya Allahna! Wace ce ta yi mana wannan aikin?”

Na juya don Lai'atu ta taya ni faɗa da yarensu, sai na ga ta sunkuyar da kai. Na bi inda take satar kallo. Ƙarƙashin zoben gabas, wata 'yar siririyar dattijuwa ce durƙushe tana gyara shanya. Mama Milka ce, mahaifiyarta.

A hanyar komawa hostal ta ba ni labari. Ranar sujadar godiya da aka yi a makaranta, ta ja mamanta ta kawo ta filin don ta ga inda take wasa, tun da ba ta taɓa gani ba. Ta ce Mama ta durƙusa ta shafa daɓen da tafin hannu, ta tambaya ko ruwa yana kwanciya a kai, ta tambaya ko ana kulle get da dare. Lai'atu ta koma ɗaki tana murna wai Mama ta yaba. To ta yaba ɗin. Ta yaba har ta je ta ba da labari a taron zumuntar mata na cocinsu.

Na koma filin ni kaɗai. Aka nuna min shugabarsu, Mama Miriyam, wata ƙatuwar mace da ɗankwalin zumunta a kanta. Na gaishe ta yadda ya kamata, don an koya min tarbiyya a gidanmu ko da ba a gani a fuskata. Na ce wannan filin wasa ne na ɗalibai.

Ta ce, “Mun sani, 'yata. In citta ya bushe za ku yi wasa.”

“Yaushe za ta bushe?”

“In rana ya yi kyau.”

Na ce ai akwai falalen dutse a bayan ƙauyensu, nan iyaye da kakanni suke shanya. Ta dube ni kamar yadda ake duban wanda bai san komai ba, ta ce tun da ciwon ruɓewa ya cinye citta a gonaki, 'yar wadda ta tsira ta zama abin sata, ka shanya a dutse ka kwana, da safe ka tarar da dutsen kawai. Nan kuwa akwai katanga, akwai masu gadi. Ta ƙara da cewa ƙasar da jami'a ke kai ta iyayensu ce, kuma ranar da aka ba da ita dattawa sun ce ba za a hana su hanya ba, ba za a hana su rana ba. Sannan ta karanta min dokarsu, a hankali, tana nuna ni da wuƙar tsaga. Ba wadda take taɓa shanyar wata, ko da akuya ce ta shiga sai dai a kira mai ita. Kuma duk wadda ta kwashe tata, ko ta bushe ko ba ta bushe ba, ta bar wuri ke nan, mai bi mata a layi ce za ta zuba. Ta nuna min matan gindin kashu. Ashe ba hira suka zo yi ba, layi suke bi.

Na ce, “Ke nan in waɗannan sun kwashe, waɗancan za su zuba?”

“Haka ne.”

“To mu fa?”

Ta ce, “Ki yi haƙuri.”

Daga nan ofishin Mista Gilbert na nufa, shi ne daraktan wasanni. Mutum ne mai son usur, kullum yana rataye a wuyansa, amma ban taɓa ganin ya yi gudu ba ko ruwa ake yi. Ya saurare ni yana kaɗa kai. Ya ce lamari ne mai sarƙaƙiya, ya shafi zaman lafiya da maƙwabta, za a kafa kwamiti. Na ce Sa, baƙuwarmu ranar Alhamis za ta zo. Ya ce kwamiti ba ya aiki da gaggawa. Na ce to a buɗe mana ɗakin motsa jiki mu ture injinan gefe, aƙalla akwai daɓe. Ya zaro ido kamar na ce a rushe coci. Ya ce makullin ba ya hannunsa, kuma in aka taka wurin kafin a buɗe shi, me za a nuna wa babban baƙo?

Ina tsaye sai atishawa ta kama ni. Na duba bayan ƙofarsa, buhu ne a jingine. Ina fita na tambayi mai shara, ta ce ai da'irar tsakiyar nan ta matar Oga ce, wato Mista Gilbert, ita ta fara zubawa ma. Na koma na leƙa na ce, “Sa, a gaida Madam, cittarta ta yi kyau.” Bai ɗago kai ba, ya ce in rufe masa ƙofa.

Mun gwada atisaye a wurin ajiye motoci. Tsakuwa ce, ga gangara, ka buga ƙwallo nan ta tashi can. Kafin a jima ɗaya daga cikinmu ta gurɗe a ƙafa, muka tattara muka bari. Da yamma na sami Lai'atu a ɗaki na ce ta je ta yi wa mamanta magana, in Mama ta roƙi sauran matan wataƙila su ɗaga mana na safiya ɗaya.

Ta ce, “Ba zan iya ba.”

“Uwarki ce fa!”

“Shi ya sa. Muna, ke 'yar gari ce. Cittar nan ni da ita muka shuka, muka rufe ta da ganye, muka yi ciyawa har hannunmu ya fashe. Bara komai ya ruɓe a ƙasa. Wannan ce kawai ta fito. In buɗe baki in ce ta kwashe don in yi tsalle-tsalle?”

Na ce ba tsalle-tsalle ba ne, rayuwarta ce. Ta ce ta sani, ta juya fuska bango. Abin da ya fi ƙona min rai da Lai'atu ke nan. A fili ba ta jin tsoron kowa, ta ture ki ta wuce, amma a gaban tsohuwar da ko kafaɗarta ba ta kai ba sai ta zama ruwa.

To ni ba ruwa ba ce. Ranar Laraba na tafi wurin Mama Milka da kaina. Na same ta a bakin layi tana korar tsuntsaye da faifai. Na durƙusa na gaishe ta, na yi mata bayani tiryan-tiryan: baƙuwa daga Kaduna, 'yar wasa ɗaya, gobe da safe, in ta wuce ta wuce.

Ta saurara har na gama. Ta ce, “Wasan nan, aiki ne?”

Na ce aiki ne, Mama, mutane suna cin abinci da shi, suna zuwa ƙasashe da shi.

“Lai'atu bai gaya min ba.”

“Ba za ta gaya miki ba, kunyarki take ji.”

Ta miƙa hannu ta ɗauko tsagi ɗaya daga shanyarta, ta lanƙwasa shi. Bai karye ba, lanƙwashewa ya yi. Ta ce, “Kin gani? Cikinsa da ruwa. In ya shiga buhu yanzu zai yi zufa. Kuma in na ɗaga, wuri ya tafi. Ki yi haƙuri, 'yata.”

Wallahi da ba ta faɗi kalmar ƙarshen nan ba, da na tashi lafiya. Na miƙe tsaye na ce, “Mama, 'yarki ta kamo hannunki ta kawo ki nan don ki ga abin da ta iya. Duk makarantar nan ba kamarta. Ta kawo ki ki gan ta, ke kuma daɓe kika gani!”

Mama Miriyam ta ce wace marar kunya ce wannan, 'yar gidan wa ce. Mama Milka ta mai da tsagin cittar inda ta ɗauke shi, ta gyara masa zama, farin yana kallon sama. Kafin in isa hostal labari ya riga ni. Lai'atu ta ce wa ya aike ni, ta ce ban da hankali, ranar ko abincin dare ba mu ci tare ba. Ni kuwa ko a jikina, gaskiya na faɗa, kuma in aka sake zan ƙara.

Ranar Alhamis muka sa kayan wasa muka fito, ba don muna da wani shiri ba, sai don kada baƙuwa ta zo ta tarar ba kowa. Muna shan kwanar ɗakin karatu na ga abin da ban yi tsammani ba. Filin yana nan cike da citta yadda yake, amma akwatin da ke ƙarƙashin zoben gabas fes yake, an share shi har layukan suna haske. A gindin ƙarfen zoben buhuna ne a ɗaure, Mama Milka tana zaune a kan ɗaya da faifanta a cinya.

Lai'atu ta ruga. “Mama, me kika yi? Ba ta bushe ba!”

“Ya bushe daidai. Je ki yi abin ki.”

A bakin layi wata mata ce tsaye da daro cike da citta a kai, ƙafarta ɗaya har ta taka farin fenti. Ita ce mai bi a layi. Mama Miriyam ta taso ta ce doka doka ce, wuri ya zama na wannan, amma Milka ta roƙa, zumunta ta amince a jira har baƙuwa ta zo ta tafi. Sai dai mu sani, in ƙwallo ta faɗa shanyar wata, mai shanya za ta riƙe ta, wasa ya ƙare.

Na ce, “Ƙwallo ce fa, Mama, ba ta jin magana.”

Ta ce, “To ku koya mata.”

Motar Koci Yasmin ta iso rana ta ɗan ɗaga. Mace ce gajera mai kaurin jiki, da hular wasa a kan ɗankwalinta. Ta fito ta dubi filin, ta dube ni, ta sake duban filin. Ta ce, “Ke ce Munachi? Kin sa na baro hanyata don in zo kasuwar citta?” Mista Gilbert, wanda ban san daga ina ya ɓullo ba, ya fara yi mata bayanin kwamiti. Ta ce ita gudu take son gani, da miƙa ƙwallo, da yadda yarinya take karanta fili, ba za ta iya auna 'yar wasa a wurin da bai fi tabarma biyu ba. Ta juya za ta shiga mota.

Na sha gabanta na tsaya a jikin ƙofar. Na ce, “Anti, kin ga tsohuwar can? Abin da ta noma shekara guda ne a buhunan nan, ɗanye ta kwashe shi don a sami wurin nan. Ba ta san ƙwallo ba, ba ta san ki ba. Ki ba mu ɗan lokaci ki kalla, in ba ta yi miki ba ki tafi Zariya, ni da kaina zan buɗe miki get.”

Ta dubi Mama Milka, ta juyo gare ni. Ta ce, “Bakinki ya yi yawa.” Na ce an sha gaya min. Ta rufe motar ta ce a ba ta usur, ta zare na wuyan Mista Gilbert.

Koci ta fara gwada Lai'atu da jifa. Ni ina ƙarƙashin zobe ina cafewa ina mayarwa, Lai'atu tana kan layin ƙarshen akwatin, dugaduganta saura kaɗan su taɓa cittar wata. Ta ɗaga ta saki, raga ta yi ƙara. Ta sake, ta sake. Koci tana matsar da ita dama da hagu, iyakar inda daɓe ya ba da wuri. Matan gindin kashu suka ajiye wuƙaƙe. Ni kuwa zufa nake yi ba ta gudu ba, don na san in ƙwallon nan ta daki ƙarfe ta yi gefe, ba abin da zan iya.

Sai Koci ta ce ya isa, jifa ba tare da mai tsaro ba kowa ya iya. Ta ce in tsare ta, kuma in ta ga ina yi mata sauƙi za ta tafi. Na dubi Lai'atu na ce, “Jiya kin ce ba ni da hankali, yau za ki gani.” Na manne mata. A ɗan wurin nan ba inda za ta gudu, sai ta riƙa juyawa a ƙafa ɗaya, ta ba ni kafaɗa, ta yi kamar za ta tashi in tashi, in ina saukowa ita kuma ta tashi. Na ture ta, na taka ta, na sa mata gwiwar hannu a haƙarƙari, Allah ya gani ban rage komai ba. Ta ci gaba da zurawa.

Can na sami sa'a na taɓa ƙwallon da yatsa tana barin hannunta. Ta daki bakin zobe ta yi sama, ta nufi da'irar tsakiya, shanyar matar Oga. Na ji Mista Gilbert ya ce “Yesu!” Kafin kowa ya motsa, Mama Milka ta taso daga kan buhu, ta bi farin layin nan da gudu, siririn wurin da ke tsakanin shanya da shanya, ta miƙa faifai ta doke ƙwallon ta dawo cikin akwati. Zaninta ya kusa kwancewa, ɗankwali ya faɗi, amma ko tsagi ɗaya ba ta taka ba. Lai'atu ta cafe ta tashi sama da ni da komai ta zura.

Wata a gindin kashu ta rangaɗa guɗa, sauran suka ɗauka. Mama Miriyam da kanta tana tafi tana cewa, “Ɗiyar Milka ne! Ɗiyar zumunta ne!” Jiya ni ce marar kunya, yau kuma 'yar tasu ce.

Koci Yasmin ta busa usur. Ta ce har yanzu ba ta ga gudunta ba, amma wadda ta iya samar wa kanta wuri a nan za ta samu a ko'ina. Ta ce Lai'atu ta same ta a Kaduna ranar Litinin da jakarta, maganar makaranta za su daidaita da malamanta. Ba ta rufe baki ba matar nan mai daro ta juye cittarta a tsakiyar akwatin, har tana ce min in ɗaga ƙafa. Mista Gilbert kuma ya jawo Koci da Lai'atu ya tsaya a tsakiyarsu a ɗauke su hoto, wai sashen wasanni ya fitar da tauraruwa. Ni ya miƙa wa wayar in ɗauka. Na ɗauka, kansa bai fito ba.

Lai'atu ta so ta bi mamanta da buhunan, Mama ta hana. Ta ce akwai wuri a dutse, ta riga ta yi magana, Lai'atu ta je ta nemi malamanta. Muka ɗora mata kayan a mashin biyu, ta hau na ukun ta tafi.

Ranar Asabar Lai'atu tana ta bin malamin da ke duba aikinta na ƙarshe, sai ta roƙe ni in je ƙauye in karɓo mata bargo da garin acca da Mama ta ce za ta haɗa mata. Na hau mashin na tafi. Tun daga ƙofar gida na ji warin, ba ƙamshin nan mai sa atishawa ba, wani wari mai tsami kamar na rigar da aka jiƙa aka manta a bokiti. Tsakar gidan duk inuwar mangwaro ce. An baza cittar a kan tabarmi da tsofaffin kwanon rufi, ta yi baƙi, farar funfuna ta lulluɓe ta. Mama Milka tana zaune a tsakiya tana tsince masu ɗan dama-dama tana jefawa a ƙaramin daro, ko rabinsa ba ta cika ba.

Na ce, “Mama, ina wurin da kika ce akwai a dutse?”

Ta ce, “Dutse ya cika tun tuni.”

“To me ya sa kika ce…”

“Da na ce babu, zai tafi?”

Raina ya ɓaci, kuma ban san wa zan zaga ba, Mista Gilbert, ko babban baƙon da bai zo ba, ko dokar zumunta. Na ce zan je in sami Mama Miriyam, zan je ofishin shugaban jami'a, zan tara ɗalibai. Ta ce in zauna. Na zauna.

Ta shiga ɗaki ta fito da bargon a naɗe da ƙullin garin, ta ɗora min a cinya. Ta ce, “Bakin ki yana da sauri, na gani. Wannan karo ki riƙe shi. In ya ji, ba zai shiga mota ba. Bari ya je ya zauna tukuna, ni zan gaya masa da kaina.” Ta koma kan tsintarta. Har na kai ƙofa ta kira ni. Ta ce, “Yadda ya tashi sama ranar nan, haka yake yi kullum?”

Na ce, “Kullum, Mama. Wani lokaci ma ya fi haka.”

Ta kaɗa kai tana murmushi, ta ce, “Ban sani ba.”

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci na raka Lai'atu tashar Kaduna. Ta sami wurin taga, jakarta a ƙafa, bargon a cinya. Tana ta yi min wasiyya, in kula da sababbin 'yan wasa, in rage faɗa da alƙalan wasa, kada in bar Mista Gilbert ya huta. Mota ta cika, direba ya tayar. Sai ta leƙo ta kama hannuna.

Ta ce, “Muna, ban tambaye ki ba. Cittar Mama fa? Ta samu wuri a dutsen?”

Duk Kafanchan an san ba a yi min tambaya in yi shiru. Amma sai na zare hannuna na daki jikin motar da ƙarfi na ce, “Direba! Kai wane irin mutum ne? Mota ta cika kana tsaye kana ƙona mai, so kake dare ya yi musu a hanya? Ja mana, abeg!”

Direban ya zage ni, na rama, fasinjoji suka yi dariya, Lai'atu ma tana dariya tana cewa ba zan taɓa canzawa ba. Motar ta fita daga tasha tana ɗaga min hannu. Na tsaya har suka sha kwana, sannan na zauna a bencin mai shayi na rufe fuskata da ɗankwali. Mai shayin ya matso ya ce, “'Yan mata, ki yi haƙuri.” Wannan karon ban yi faɗa ba.